Mama Rosa Tana Neman Fada

Yaya Talatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Ya jikin Baba?

Ni dai na gaji, Yaya. Juma'a kaɗai nake hutu, ita ma a unguwar Ruwais ta nan Jidda nake ƙare ta, wajen Mama Rosa, wata tsohuwa 'yar Kolombiya, Katolika irinmu, da ciwon ƙafa ya kwantar. Tare muke addu'ar rosari, kowa da yarensa.

Jiya ta riƙe hannuna, ta ce da guntun Larabcinta, "Kawo mini Fada kafin in mutu." Kin san Jidda babu coci, balle Fadan da zai zo ya yi mata addu'a. Na ce mata to, na fita na zauna a matakala.

Ki roƙi Fadanmu ya ambaci sunanta ranar Lahadi, in samu abin faɗa mata. Ki gaida Inna. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rifkatu