Farcen da Baƙuwarmu Ta Rubuta

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya jikin Alhaji, yaya yara da mutanen Tibati? Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da kika sani.

Wata 'yar Sin ta sauka a ƙungiyarmu ta masu turaren wuta. Wai ita ma shugabar mata ce a ƙasarsu, kuma ba riba suke nema ba. Tafintanta ya ce musaya ce: ta ga yadda muke tafiyar da ƙungiya, wata rana mu je mu ga tasu. To Yaya, mai koyon shugabanci me ya kai ta bakin kasko? Kwana uku tana tsugune kusa da ni da littafi. Ni kuwa ban manta yadda atamfar ƙasarsu mai araha ta rufe shagon Baba ba.

Jiya ta tambayi abin da ke kama ƙamshi a haɗin marigayiya Inna. Bakina ya suɓuce na ce farce. Tafintan ɗan boko ne, bai san farcen teku da muke soyawa ba, sai ya fassara mata da farcen yatsa. Ta dubi hannuna, ta dubi nata, ta rubuta.

Mairo sakatariyarmu ta ce in gyara, wai baiwar Allah ce, tuwonmu ma da hannu take ci. Na ce ranar da muka je Sin muka dawo zan gyara.

Ki sa ni a addu'a, in na zalunce ta Allah Ya yafe mini. Ki gaida Alhaji. In turaren Sin ya shigo kasuwarku yana ƙaurin farce, kin san inda aka koyo shi.

Ƙanwarki,
Asabe