Riga Ta Yi Mani Ratata

Litinin, 3 ga Yuni
Na karɓo ɗinkin Babbar Sallah wajen Gideon tela. Na saka, riga kamar buhu! Ni Mannir Mai Tumbi, da in na shiga bas ɗina sai taya ta yi ƙara. Na ce mashi a gaban mutane, "Gidi, ɗinki ka yi ko rumfa?" An sha dariya. Shi bai yi ba. Wai tsohon awona ya bi.

Laraba, 5 ga Yuni
Na sauke fasinja Bungudu, na leƙa Inna da rigar a jikina. Ta dube ni ta ce, "Mi ya same ka, riga ta yi ma ratata haka?" Ratata. Ita abin da aka rataya barkatai yana reto take ce ma haka, kamar naman layya bisa igiya. Na ce ai daga rataya aka samo kalmar, ni na ƙirƙiro ta ma tun ina goye. Ba ta yi dariya ba.
Na tuna. Haka ta ce da rigar Baba, shekarar da ya rasu.

Asabar, 8 ga Yuni
Sau huɗu na tsaya fitsari tsakanin Gusau da Tsafe. Na ce ma fasinja taya nike dubawa. Ƙishirwa kuma kamar me.

Talata, 11 ga Yuni
Na huda bel ɗina da ƙusa. Matata Hussaina ba ta gani ba. Ko ta gani ne, tun da yau ta ƙara mani tuwo.

Juma'a, 14 ga Yuni
Na maida rigar a rage. Gideon ya ja ni bayan shago, ya sake awo. Ya nuna mani tef ɗin da yatsa. Inci huɗu sun tafi. Ya ce, "Malam Mannir, haka yayana ya fara. Suga ne. Je ka a gwada, shi da ya je yana nan da ranshi." Na ce ni da ƙarfe aka yi ni.

Alhamis, 20 ga Yuni
Asibiti dai hanya ce ta bi da ni. Suga ne. An ba ni magani. A tasha na ce ma direbobi shayi ba suga shi ne na manya.
Na kai ma Gideon cinyar rago. Na ce ya rage rigar, amma kar ya yanke yadin, ya naɗe shi ciki.