Baiti Ɗaya Ɗaya

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya iyalinka? Ka gaya wa Inna ina ci ina ƙoshi, har na fara ajiye tumbi. Hoto kuwa sai nan gaba.

Ni lafiya lau, alhamdulillahi. Na samu aikin guga a wani shagon wanki. Yatsun nan biyu da sojoji suka karya mini ranar da na ƙi yi wa babbansu waƙa sun warke, sai dai sun ƙi lanƙwasuwa. Dutsen guga bai damu ba. Molo ne ya damu, shi ma na rataye shi bayan ƙofa, ba ma faɗa.

Direban da zai ba ka takardar nan ya ce har yanzu ana kama duk wanda aka ji da waƙarmu a baki. Don girman Allah ka kama bakinka har yaƙin nan ya lafa.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Ka san ban taɓa iya shirya waƙa ni kaɗai ba. Sai na ja baiti ka amsa, sannan nake jin inda na gaba zai sauka. Jiya ina guga wata ta zo mini, na ja baitin farko na yi shiru ina jiranka, har na ƙona rigar mutane. Mai shago ya wanke ni tas.

Waƙa tara ke nan na tara, kowace baiti ɗaya. Ban ƙarasa su ba, na bar maka wurinka.

Allah Ya sada fuskokinmu.

Yayanka