Ranar da Ban Taya Ba

Ikara, Alhamis

Zuwa ga aminina Malam Tukur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya aikin rake?

Dalilin wannan takarda shi ne, tun ranar kasuwar Makarfi ba ka ɗaga wayata. Ina kyautata zaton maganar da na yi a rumfarka ce, da ka faɗa mini kuɗin mazarƙwaila na ce ta yi tashin gwauron zabi. Na sake duba ɗan littafin da na koyi maganar a ciki, har sau biyu. Zabon da ba shi da mata ne ke zabura ya yi sama farat ɗaya. Manufar ita ce abu ya hau da sauri har ya ba mutum mamaki. Babu zargin cuta a cikinta ko kaɗan.

Ka huta lafiya.
Ubaidullahi

Makarfi, Asabar

Ubaidu,

Wa alaikumus salam, kowa lafiya. Kai dai ba ka rabo da littafi! Ni da na tashi ina korar zabi a gonar Baba za ka koya wa tashinsu? Duk wanda ya zo rumfata sai ya riƙe baki, ya yi salati, sannan ya taya. Kai kuwa ka faɗi maganarka ka juya, maƙwabta suna kallo. Shekara ashirin a wurina kake saya wa Innarka ta kokon azumi. Wanda ya ƙi tayawa ai ɓarawo ya ɗauke ni.

Gaida Inna.
Tukur

Ikara, Litinin

Aminina Malam Tukur,

Bayan sallama da gaisuwa, na kwana biyu ina juya takardarka. Gaskiyar da littafi bai ƙunsa ba ita ce, abin da ke aljihuna bai kai rabi ba. Na san halinka: da na taya, da ka sallama, ko da za ka faɗi. Na kuma san yadda taki ya yi muku tsada bana. Shi ya sa na gudu. Ka yafe mini.

Naka har kullum,
Ubaidullahi

Makarfi, Talata

Ubaidu,

Salamu alaikum. Ta Inna tana hannun direban da ya kawo maka wannan. Ba taka ba ce, kada ka sa baki.

Taka kuma, ka zo gobe ka riƙe baki, ka taya kamar kowa. Zan ce albarka sau uku, da ƙarfi, maƙwabta su ji.

Sai ka zo.
Tukur