Na Iya Tsofar da Buhu Cikin Kwana Biyu

Gwaggo, ki taimake ni da shawara kafin jirgin ruwa ya tashi ya bar ni da zare a hannu.

Bari dai in fara da yaba wa mutanen ƙetare, don sun cancanta. Ban taɓa ganin masu tausayin duniya irinsu ba. Saboda tsabar son itatuwa, sai da suka aiko mini da takarda mai shafi arba'in ta jirgin sama, a naɗe cikin leda uku, domin in sa hannu cewa ba na ɓarnar takarda da leda. Na sa hannu, na mayar musu ta jirgin sama. Allah ya saka musu.

Sana'ata ɗinkin jaka da tsofaffin buhunan shinkafa da na fulawa. Shekara tara ina yi a wani shago bayan kasuwa: teloli shida a ciki da kekunansu, yayata kuma a waje da baho da burushi, tana wanke buhunan tana shanyawa. Jakar cefane ce kawai, ta mai zuwa sayen tumatir. Kwatsam wani kamfani na ƙetare ya ga hotonmu a waya. Wakiliyarsu, wata mai tabarau da muke kira Madam, ta kira ni ta bidiyo, ta hango buhu a kan igiya yana ɗigar ruwa, saura kaɗan ta yi hawaye. Wai muna ceton duniya. Ni da na ɗauka kaina nake ceto.

Gwaggo, jaka dubu biyar suke so! Kwana uku ina tafiya ina dariya ni kaɗai, har mai shayin bakin layi ya tambayi ko lafiya. Teloli suka fara zuba wa keke mai tun aiki bai iso ba. Kowace jaka za a rataya mata ɗan kati mai hoton Yaya, da rubutu cewa wannan buhu ya yi aikinsa ya gama, wannan baiwar Allah ce ta wanke shi da hannunta. Sau goma sha ɗaya aka ɗauki hoton kafin ɗankwalin ya zauna yadda take so.

To kin san kasuwa ba ta riƙe magana. Masu hatsin da a da suke roƙona in kwashe musu buhuna, yanzu sun ninke su sun zauna a kai. Tsohon buhu ya fi sabo daraja, ko ka nema ba ka samu. Na tara na jaka dubu uku, na tsaya cak. Kwantenar da za ta ɗauki jakunkunan a jirgin ruwa kuma saura mako uku a rufe ta.

Nan basira ta zo mini, kuma ba zan ɓoye miki ba, na burge kaina. Sabon buhu ga shi nan dila-dila, da tambarinsa da komai, daga can ƙetaren ma ake kawo shi. Na ɗauko ashirin na gwada. Na jiƙa su a ruwan ganyen shayi, na ɗaure a bayan babur na zaga fili sau biyar, na shimfiɗa a ƙofar shago aka yini ana takawa. Kwana biyu, Gwaggo. Babban telanmu ya juya ɗaya, ya shinshina, ya ce wannan ai ya girme shi.

Yaya ce ta ɓata wasan. Ta duba bakin buhun, ta tambaya ina hudojin allurar da aka ɗinke shi lokacin da yake ɗauke da shinkafa. Na ce wannan aikin minti biyu ne a keke. Ta ajiye burushi ta ce, "Ƙanena, sa hotonka a kai. Fuskata ba za ta zaga duniya tana ƙarya ba." Ta kuma tuna mini Madam za ta turo mai dubawa mako mai zuwa, in ya tambaye ta, abin da ta gani za ta faɗa.

Na nuna mata teloli shida da iyalansu. Na ce jakar sabon buhu ma ta fi ƙarko, to wa aka cuta? Tun daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita. In na ce wa Madam ban iya cikawa ba, ina tsoron ta koma shagon wani, don yanzu kowa a layinmu ya zama mai ceton duniya. Ki koya mini yadda zan shawo kan Yaya.

Ɗanki,
Mai Jakar Buhu

Ɗana Mai Jaka,

Barka da wannan buɗi, ka yi aiki ka same shi. Babur ɗin kuwa ya ba ni dariya, kai ba ka rasa kai ba.

Tsoronka yana kan hanya. Bakin mutum shida ba wasa ba ne, kuma ban wanke kamfanin ba: sun yanka adadi sun sa rana, ba su tambayi ko unguwarku na cin shinkafar da za ta fitar da wannan tarin buhu ba. Amma ba zan koya maka shawo kan yayarka ba, domin ita ce take tsare maka cinikin. Jaka akwai ta a ƙasar Madam. Abin da ke rubuce a katin nan shi take saye. Tsofaffin buhuna kowanne da tabonsa da tambarinsa. Naka dubu biyu za su fito tsufa iri ɗaya, ƙamshin shayi iri ɗaya. Abin da yayarka ta gano cikin minti ɗaya, wanda aikinsa ke nan ba zai tsallake shi ba. Ranar kuma ba dubu biyun kaɗai za ka rasa ba, har da ukun na gaskiya.

Ka kira Madam yau. Ka ce dubu uku za su hau wannan jirgin, sauran su bi na baya, ka faɗa mata dalili. Ka tambaye ta ko za ta karɓi buhun sukari da na abincin kaji. Sannan ka bar masu hatsi su ci gaba da zama a kan nasu, ka zaga gidajen burodi, gonakin kaji da kicin ɗin makarantu, ku yi magana ka riƙa kwasa duk wata. Mai yiwuwa ta rage aikin, ba zan yi maka alkawari ba. Amma wanda aka rage wa aiki ana sake kiransa, wanda aka kama ba a sakewa.

Ashirin ɗin nan ka ɗinka ka sayar wa masu cefane. Ka je ka ba yayarka haƙuri, ranar dubawa kuma ita za ka sa a gaba, da bahonta da ɗankwalinta. Allah ya cika kwantena, ya kai ta lafiya.

Kafin ka sake tada babur dai, ga abin da za ka juya a ranka: buhun da ya ƙetare teku sau biyu bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar shinkafa ba, wace duniyar ya ceta?

Gwaggonku