Furen Tumatirina Yana Zubewa

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Baba? Ki shafa min kan 'yata.

Ni lafiya lau nake, kada ki sa damuwa a ranki. Uwar ɗakina ce dai take kulle ƙofa in za ta fita, wai don tsaro.

Na yi lambu, Inna, kada ki yi dariya. Bokitin fenti ɗaya ne a bakin tagar ɗakin wanki, inda nake kwana. 'Ya'yan ruɓaɓɓen tumatir na shuka. In na murza ganyen na sansana, sai in ji kamar ina bayan gidanmu.

Sau uku yana fure, duk ya zube. Mai kawo mana gas, wanda zai aika min wasiƙar nan, ya ce sai iska ta kaɗa shi zai yi 'ya'ya. To tagar ba ta buɗuwa, a hawa na tara muke. Ni ma wata bakwai ke nan ban taka ƙasa ba.

Ki tambayar min Baba, shi da ya san shuka: wadda ba ta shan iska, wata nawa take kaiwa?

Allah ya haɗa fuskokinmu.

'Yarki