Bahagon Ƙarya

Detroit, Yuli 1958

Yaya Altagracia,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya ƙafar Kawu Fermín? Ni lafiya lau, sai dai abincin mutanen nan lami, ɗakina kuma shiru kamar an yi rasuwa.

Ga katina na wasan ƙwallon besbol, mai ɗauke da hotona, irin wanda yara ke samu a cikin fakitin cingam. Ranar ɗaukar hoton na ari safar hannun wani bahago, na ɗaga ƙwallo da hagu, hannun da ko cokali ba ya riƙe min. Ina ta danne dariya, ina jiran a kama ni. Sai mai hoton ya ce, "Madalla, yaro, tsayuwar jarumi!" Wata uku ke nan, har waɗanda muke wasa tare kullum ba wanda ya lura.

Don Allah kar ki gaya wa Mama komai, miƙa mata kawai. In ta ce, "Ja'irin nan, yaushe ya zama bahago?" ki rubuto min da sauri, har da zagin, kar ki rage ko ɗaya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Eusebio